Kimiyya, almara ko binciken kisa a zamanin da: wane kundin gajerun labarai za ka fara saye?

Wanda ba shi da sukunin zama da littafi mai shafi 600, kundin gajerun labarai ne daidai da shi. Ka karanta ɗaya bayan isha'i, ka ajiye, gobe ko jibi ka ɗauki wani ba tare da ka tsaya tunanin inda aka kwana ba. Wahalar tana wajen zaɓi. Littattafan da ake shigowa da su daga waje sun yi tsada, kuma duk waɗanda zan ambata a nan da Turanci ake samun su, don haka ba kuɗi kaɗai mutum zai kashe ba, har da ƙarfin ƙwaƙwalwa. Nau'i uku ne aka fi jerawa kusa da juna a kanti: ƙagaggun labaran kimiyya, labaran almara masu aljanu da tsafi, da labaran binciken laifi da aka gina a kan zamanin da. Mutane kan ɗauka cewa bambancinsu na ɗanɗano ne kawai. Ni a ganina akwai abin da ya fi wannan muhimmanci: gajarta ba ta yi wa ukun adalci daidai wa daida. Akwai wanda take ƙara wa ƙarfi, akwai wanda take rage wa wani abu, akwai kuma wanda take iya kashewa ɗungurungum in marubucin bai yi dabara ba.

Wanda gajarta ta fi yi wa rana shi ne labarin kimiyya, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a mujallu ya girma. Tun da Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka a 1926, marubutan wannan fanni suka saba da zuba tunani guda a shafi 20 su tashi. Tambaya ɗaya ce jarinsu: da a ce abu kaza ya yiwu, me zai biyo baya? Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969.

A wannan fanni, littattafai biyu nake sa wa a sikeli. Na farko I, Robot na Isaac Asimov, wanda ya fito a 1950 da labarai 9. Dukkansu sun rataya ne a kan dokoki uku da aka dasa wa mutum-mutumi: kada ya cutar da ɗan Adam ko ya zuba ido a cutar da shi, ya bi umarni muddin bai saɓa wa dokar farko ba, ya kare kansa muddin bai saɓa wa biyun farko ba. Kowane labari sai ya nuna maka inda dokokin suka yi karo da juna. Akwai mutum-mutumin da aka aika ɗebo wani ma'adani a duniyar Makyuri, sai ya kama kewaya wurin ba ya gaba ba ya baya, saboda umarnin da aka ba shi da haɗarin da ke gabansa sun yi kunnen doki. Akwai wani mai karanta zuciyar mutane, wanda ya koma yi musu ƙarya, domin a fahimtarsa gaya wa mutum gaskiya mai ɗaci ma cutarwa ce. Turancin Asimov miƙaƙƙe ne, ba ado ba kwana-kwana, ɗan sakandare zai iya bin sa. Raunin littafin shi ne mutanen ciki. In ka cire Susan Calvin, masaniyar halayyar mutum-mutumi, sauran ba su da wani rai, baki ne kawai da ake amfani da su a warware matsala. Wanda ya kalli fim ɗin 2004 mai wannan suna kada ya zaci shi zai tarar a ciki, don kusan ba abin da ya haɗa su sai dokokin da wasu sunaye.

Na biyu shi ne Exhalation na Ted Chiang, na 2019, shi ma labarai 9. Chiang ba ya yawan rubutu, amma abin da ya rubuta yana zama a rai. Labarin da ya buɗe kundin, The Merchant and the Alchemist's Gate, a Bagadaza yake faruwa. Wani ɗan kasuwar yadi mai suna Fuwaad ibn Abbas ne a gaban halifa yana ba da labarin wata ƙofa da in ka ratsa ta za ka fito shekara 20 a baya ko a gaba. Labari cikin labari ne, irin tsarin Dare Dubu da Ɗaya. Abin da ya sa nake fifita shi a kan duk wani labarin tafiya cikin lokaci shi ne, a nan ba a canja abin da ya wuce. Abin da aka ƙaddara ya tabbata. Mutum yana komawa ne ya fahimci abin da bai fahimta ba, ya nemi gafara, ya sami sauƙin nadamar da ta daɗe tana cin sa. Mai karatun da ya tashi da imani da ƙaddara zai shiga labarin nan cikin sauƙi fiye da waɗanda aka rubuta shi dominsu. Akwai kuma The Truth of Fact, the Truth of Feeling, wanda rabinsa a ƙasar Tibi yake, inda wani yaro mai suna Jijingi ya koyi rubutu a wurin ɗan mishan, sai ya fara ganin saɓani tsakanin abin da takarda ta riƙe da abin da dattawa ke faɗa game da asalin dangi. An haɗa wannan da labarin wani uba a zamani mai zuwa, wanda na'ura ke naɗar duk rayuwarsa, har ta nuna masa cewa wata magana mai zafi da ya daɗe yana ɗora wa 'yarsa ba yadda yake tunawa ta faru ba. Duk wanda ya taɓa zama a wajen rabon gado ko shari'ar gona ya san nauyin wannan tambaya.

Sai dai Chiang yana buƙatar natsuwa. Ba littafin karantawa a cikin mota ba ne. Akwai labari ɗaya a ciki da ya yi tsawon ƙaramin littafi, a kan renon wasu halittun kwamfuta, kuma yana tafiyar hawainiya. Wasu labaran nasa, a nan da kuma a kundinsa na farko na 2002, suna taɓa batun halitta da imani ta hanyar gwajin tunani, don haka wanda zai ba yaro ya fara dubawa da kansa. Tsakanin su biyun, Asimov ya fi sauƙi, Chiang ya fi zurfi nesa ba kusa ba. The Martian Chronicles na Ray Bradbury, shi ma na 1950, yana tsakiya: kimiyyarsa ta tsufa, amma yadda ya kwatanta mamayar duniyar Mars da yadda baƙi suka shafe 'yan ƙasa da cutar da suka kawo har yanzu yana da zafi.

Labarin bincike kuwa gajarta tana karɓar wani abu daga gare shi, tana kuma ba shi wani. Dogon littafin bincike yana da filin tara waɗanda ake zargi har shida ko bakwai, ya yi ta yawo da hankalinka. Gajere ba shi da wannan fili. Mutum uku ne, alama ɗaya ce, kuma mai kaifin ido yakan gano mai laifin kafin ƙarshe. Abin da ke biyan wannan asara shi ne zamanin kansa: yadda ake gano gaskiya a lokacin da babu hoton yatsa, babu gwajin jini, babu waya. Masu karatun Dare Dubu da Ɗaya za su tuna labarin tuffa uku, inda masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla da gawar mace a ciki, Halifa Haruna Rashid ya ba Waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo mai kisan ko shi a kashe shi. Amma Ja'afaru bai yi wani bincike ba, gaskiya ce ta kawo kanta. Littattafan da nake magana a kai sun ɗauki irin wannan fage ne suka sa mai bincike na gaske a ciki.

Wanda na fi so a nan shi ne Judge Dee at Work na Robert van Gulik, na 1967, mai labarai 8. Van Gulik jami'in diflomasiyyar Holan ne da ya ƙware a harshen Sin. Alƙalin nasa kuwa, Dee, mutum ne da ya rayu da gaske, Di Renjie, daga 630 zuwa 700, a daular Tang, har ya kai matsayin babban waziri a zamanin sarauniya Wu Zetian. Labaran dai ƙirƙira ce. Abin da ke jan hankali shi ne tsarin shari'ar: alƙalin gunduma shi ne mai bincike, shi ne mai tuhuma, shi ne mai yanke hukunci. Ba a hukunta mutum sai ya amsa laifinsa da bakinsa, doka ta yarda a matsa masa da duka a gaban jama'a, amma in aka azabtar da marar laifi har ya mutu, alƙalin da ma'aikatansa ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Wannan ya sa Dee ba ya gaggawa. A labarin farko, agogon turare ne shaida, wato turaren da ake zubawa a zane yana ci a hankali ana gane lokaci da shi, kuma tambayar ita ce ko inda wutar turaren ta mutu yana nuna lokacin kisan da gaske. Turancin mai sauƙi ne, labaran ba sa jan rai. Abubuwa biyu ne za a sani kafin saye. Marubucin da kansa ya faɗa cewa tufafi da al'adun da ya zana na daular Ming ne, wadda ta zo ɗaruruwan shekaru bayan Tang, don haka kada a ɗauke shi littafin tarihi. Sannan zane-zanen da ya yi da hannunsa a jerin littattafan nan sukan ƙunshi tsiraicin mata, abin da zai hana wasu ajiye shi a falo.

Abokin gwajinsa shi ne Hemlock at Vespers na Peter Tremayne, na 2000, mai labarai 15. Wannan suna ne na alƙalami, ainihin marubucin shi ne Peter Berresford Ellis, masanin tarihin mutanen Kelt, wato kakannin 'yan Ayalan da wasu maƙwabtansu. Jarumar ita ce Fidelma, mace mai hidimar coci kuma lauya a kotunan ƙasar Ayalan a ƙarni na 7. Dokar wancan wuri ta fi karkata ga biyan fansa ga dangin wanda aka kashe gwargwadon darajarsa, maimakon kisa, abin da duk wanda ya san hukuncin diyya zai gane nan take, kuma zai ji daɗin gwada su. Tarihi ya fi yawa a nan fiye da wurin van Gulik, amma da tsadarsa. Da yake an fara buga labaran ne daban-daban, kusan kowanne sai an sake yi maka bayanin muƙaminta da matakin karatunta, kuma sunayen mutane da wurare suna da wuyar furtawa. In ka karanta uku a jere za ka gaji. Ɗaya a mako shi ne daidai.

Akwai na uku da ba a cika ambata ba, kuma ya cancanta: labaran Hanshichi na Okamoto Kido, waɗanda aka fara bugawa a Japan a 1917, aka fassara 14 daga ciki zuwa Turanci a 2007 da sunan The Curious Casebook of Inspector Hanshichi. Tsohon ɗan sanda ne yake ba wani matashi labarin aikinsa a birnin Edo, Tokyo ta yau. Sau da yawa al'amarin yakan fara ne kamar aikin fatalwa, unguwa ta ruɗe, sai bincike ya nuna hannun mutum ne. Ba shi da sarƙaƙiyar dabara kamar Dee, amma ya fi kowa nuna rayuwar talaka, gidan wanka, mai shago, ɗan aike. Shi kuwa A Rare Benedictine na Ellis Peters, na 1988, labarai 3 ne kacal a kan Cadfael, mai haɗa magunguna a gidan ibada na Shrewsbury a Ingila ta ƙarni na 12. Na waɗanda suka riga suka san shi ne ta dogayen littattafan. Ba zan ba da shawarar a fara da shi ba.

Almara ce ta fi shan wahala a hannun gajarta. Dalili kuwa, tana buƙatar duniya sukutum: ƙasashe, sarauta, ƙa'idar tsafi, abin da aljani zai iya da wanda ba zai iya ba. Gina wannan yana cin shafuka, kuma kafin a gama gini labarin ya ƙare. Marubutan da suka yi nasara sun bi ɗaya daga hanya biyu. Ko dai su jingina da duniyar da suka riga suka gina a wani littafi, ko su jingina da tatsuniyar da mai karatu ya sha tun yana yaro. Abubakar Imam ya san wannan sarai. A Magana Jari Ce, da aka fara bugawa a 1937, bai tsaya bayyana mana mene ne sarki ko waziri ko aljani ba, don mun sani, sai ya sa aku ya yi ta zuba labari.

To, a nan ne mai saye zai yi hattara, domin jinginar da ta yi wa wani amfani ba lallai ta yi maka ba. Tales from Earthsea na Ursula K. Le Guin, na 2001, labarai 5 ne masu kyau ƙwarai, a duniyar tsibirai inda tsafi ya dogara ga sanin sunan gaskiya na kowane abu. Amma wanda bai karanta A Wizard of Earthsea na 1968 da 'yan uwansa ba, zai zama kamar baƙon da ya iso gidan biki ana tsakiyar hira, yana jin dariya bai san abin da aka faɗa ba. The Last Wish na Andrzej Sapkowski, ɗan ƙasar Folan, wanda ya fito a 1993, yana bin wani maharbin dodanni mai suna Geralt. Daɗinsa yana wajen murɗe tatsuniyoyin Turai, a mai da dodon abin tausayi, gimbiyar kuma abin tsoro. In ba ka san tatsuniyoyin na asali ba, rabin armashin ya wuce ka. Ga shi kuma da zubar da jini da batsa, ba na yara ba ne ko kusa.

Saboda haka a almara na fi karkata ga kundayen da jinginarsu ta fi kusa da mu. What It Means When a Man Falls from the Sky na Lesley Nneka Arimah, na 2017, yana da labarai 12, ba duka ne almara ba, amma waɗanda suke almara suna da ƙarfi. A ɗaya daga ciki, mata ne ke ƙera jariransu da abin da hannunsu ya kai, wata da zare, wata da yumɓu, sai uwa ta sa albarka ya rayu. Wata matalauciya mai aiki a shagon gyaran gashi ta ƙera nata da gashin da take sharewa. Ba a yi maka bayanin yadda hakan ke yiwuwa ba, kuma ba ka buƙata, domin matsin da ake yi wa mace a kan haihuwa da bambancin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka abubuwa ne da ka sani. Kabu Kabu na Nnedi Okorafor, na 2013, ya fi shi yawan labarai da yawan launi, har da na mutum-mutumin da ke gadin bututun mai a yankin Neja Delta, amma ingancinsa hawa da sauka ne, wasu labaran kamar gutsuren dogon littafi suke. Wanda kuma yake son tsohuwar almara ta asali, ya nemi labaran Pu Songling, malamin Sin da ya rayu daga 1640 zuwa 1715, ya yi ta faɗuwa jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya tara labarai kusan 500 na fatalwa da dila mai rikiɗa ta zama mace. Fassarar John Minford ta 2006 ta zaɓo 104. Wasu ba su wuce rabin shafi ba. Mai jin daɗin labarin aljanu zai ji kamar a gida yake, sai dai a nan ma akwai na manya.

Saura tambayar ko a sayi kundin marubuci ɗaya ko na taron marubuta. Na taro, irin Africa Risen na 2022 mai labarai 32 daga marubutan Afirka da 'yan asalinta, ko The Mammoth Book of Historical Whodunnits da Mike Ashley ya tattara a 1993, amfaninsa shi ne ka ɗanɗana hannu da yawa ka gano wanda ya yi maka. Illarsa kuwa, da wuya ka so fiye da rabi. Ni ina ganin bai kamata kuɗin farko su tafi nan ba, tunda ana iya yin wannan ɗanɗanon kyauta. Mujallar Omenana, da 'yan Najeriya suka kafa a 2014, tana sakin labaran kimiyya da almara na Afirka a intanet ba da ko sisi ba. Uncle Abner na Melville Davisson Post, na 1918, labaran bincike a karkarar Bajiniya kafin yaƙin basasar Amurka, ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun sa kyauta shi ma.

In ɗalibi ne mai son ƙarfafa Turancinsa, a ba shi Asimov. In mai son warware ƙulli ne da ke gajiya da dogon bayani, Alƙali Dee. In mai son labarin da zai kwana yana juya shi a rai ne, Chiang, kuma ya fara da labarin Bagadaza. In kuwa kuɗin littafi ɗaya ne tak, kuma mutum bai san wanne daga cikin ukun zai so ba, to The Paper Menagerie and Other Stories na Ken Liu, na 2016, shi zan nuna masa. Labarai 15 ne, kuma nau'o'in uku duk suna ciki. Labarin da aka sa wa kundin sunansa, na wata uwa 'yar Sin a Amurka da ke naɗe takarda ta zama damisa mai numfashi don ɗanta, shi kuma ya girma yana jin kunyar ta, shi ne na farko da ya haɗa manyan kyaututtuka uku na fannin, Hugo da Nebula da World Fantasy. Akwai labarin mai binciken kisa a zamani mai zuwa, akwai na wani mai rubuta wa talakawa ƙara a zamanin daular Qing da ya tsinci kansa yana kare wani littafi da aka haramta, wanda ya ba da shaidar kisan kiyashin birnin Yangzhou na 1645. Wannan na ƙarshe ya fi kusa da labarin shari'a da tarihi fiye da binciken wa ya yi kisa, amma zai nuna maka ko zamanin da yana jan ka.

Kundin Liu yana da nauyi a zuciya, wannan kam a sani. Labarin da ya rufe shi a kan Runduna ta 731 ne, sashen sojan Japan da ya yi gwaje-gwajen cututtuka a kan fursunoni kusa da birnin Harbin a lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma bai sassauta bayani ba. Wanda ya saya kada ya bi jerin shafuka. Ya fara da labarin damisar takarda, ya bi da Good Hunting, na dilar da tsafinta ya ƙare bayan zuwan jirgin ƙasa da injuna, ya bar na Runduna ta 731 sai ranar da yake da ƙarfin zuciyar karanta shi.